Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A nan Sabha, da zarar an yi sallar isha'i, duk ɗakin da Hausawa 'yan ci-rani suke kwana ba ka rasa jin waya tana karanto littafi. Magina ne da teloli da leburori, wasu daga Damagaram da Tawa, wasu daga Kano da Katsina, sun yini suna aiki, labarin nan shi ne abin da ke kai su gida na ɗan lokaci. Tambaye su wa ke karantawa, nan take za su faɗa maka sunansa har da kirarinsa. Tambaye su wa ya rubuta, sai a kalli juna. Wannan zalunci ne, kuma masu riƙe da makirufo su ne a sahun gaba wajen aikata shi.

Abin ya daɗe, kuma tsohon misalinsa ta ƙasar Fezan ɗin nan ya ratsa. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi a Borno. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya bi Heinrich Barth har Tambutu. A 1855 suka ƙetare Sahara ta Murzuk, kudu da Sabha, suka kai Tarabulus, daga nan sai Ingila. A can ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön, ya ba shi tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa tsantsa. Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885, sunan Schön ne a bango. Jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa. Dorugu kuwa ya rasu a Kano a 1912, kuma yau ɗalibin Hausa nawa ne ya san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin labaran zube na Hausa da aka buga daga bakinsa ya fito?

Ko gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 haka take. Kowa ya san Abubakar Imam da Tafawa Ɓalewa, sun kuwa cancanta. To ina Muhammadu Gwarzo mai Idon Matambayi? Ina John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East? Sai a ɗakin jarrabawa ake tuna su.

Yau abin ya fi muni, domin marubutan sun ninka. Matar aure ce a Funtuwa ko Maraɗi, ta gama girki da wanki, ta kwantar da yara, sannan ta zauna da ƙaramar waya tana buga babi bayan babi har tsakar dare, da datar da ta saya da kuɗinta. Kafin gari ya waye wani ya kwafe, ya goge sunanta, ya watsa a WhatsApp. Wani ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Wani ya karanta a rediyo, masu maganin gargajiya da masu shaguna suna ɗaukar nauyin shirin. Kowa ya ci, ban da mai tukunyar.

Na san amsar da ake bayarwa: ai talla muke yi musu kyauta. Wane irin talla ne ba a ambaton mai haja? Wasu kuma su ce rubutun intanet ba shi da inganci, duk soyayya ce da kishiya. Haka aka ce wa matan Kano a shekarun 1990, aka laƙaba wa aikinsu Adabin Kasuwar Kano, har aka ƙona littattafai a 2007. Amma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, daga wannan kasuwar ya fito, kuma a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Akwai tarkace, gaskiya ne. Aikin mai shiri da mai nazari shi ne ya sheƙe ya fitar da tsaba. Wanda bai karanta ba ba shi da bakin yanke hukunci. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, kowace shekara sai an ji sunayen da ba a taɓa ji ba. Ashe gwanayen suna nan, nemansu ne ba a yi.

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Duk mai karanta littafi a iska ya faɗi sunan marubucin a farkon kowane shiri da ƙarshensa. Ya nemi izininsa tukuna, in shirin yana kawo kuɗi a yanka masa nasa kason. Masu shirye-shiryen adabi su daina juya baƙi biyar ɗin nan da kowa ya haddace, su waiwayi masu rubutu a Nijar da zangunan Gana da Sudan da Libiya. Kai kuma mai sauraro, in labari ya yi maka daɗi, kira tashar ka tambayi wanda ya rubuta shi. In an yi ta tambaya, dole a fara faɗa. Haƙƙin mutane ne, kuma ba ya tsufa. Allah Ya ba mu ikon sauke shi.