Alkama Alheri Ce, Amma Ba Ga Kowane Ciki Ba

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya gangaro Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kankama. Alkamar da a da sai ranar biki, yau ga gurasa da taliya da burodi a hannun kowane ɗan makaranta. Mun gode Allah. Amma akwai maganar da ta wajaba malamai su sani.

Cikin alkama da sha'ir akwai wani abu mai danƙo wanda ke sa kwaɓi ya yi yauƙi, likitoci na kiransa gulutan. Ga yawancin mutane abinci ne. Amma wajen mutum ɗaya cikin ɗari, jikinsa kan ɗauke shi abokin gaba, yaƙin kuwa ya ƙare a kan bangon ƙaramin hanji, inda ake tsotse amfanin abinci. Sunan ciwon siliyak. Yaro ya ci ya ƙoshi, abincin ya wuce a banza. Sai gudawa da ƙarancin jini da tsumburewa. In abin ya tsananta, furotin na cikin jini, wanda ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi, ya ragu, ƙafafu su kumbura. Sai a ce tamowa ce, a ƙara masa shayi da burodi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Dicke, ya lura cewa da burodi ya yanke a yunwar 1944 zuwa 1945, yara masu ciwon suka murmure. Da ya dawo, ciwo ya dawo. Kada kuma a ce ciwon Turawa ne. Cikin 1999 an auna yaran Sahrawi, 'yan gudun hijira a Aljeriya, aka sami fiye da biyar cikin ɗari.

To, malam, in ka ga almajirinka haka, ka sa iyayensa su kai shi babban asibiti. Kada a hana shi alkama kafin awon jini, gama yin haka kan ɓoye alamar. In ya tabbata, maganin barin alkama ne har abada, hanji ya warke, jini ya koma daidai. Gero da dawa da shinkafa da masara da wake sun ishe shi, sai dai a kula da ɗanwaken da aka sa wa fulawa. Mai lafiya kuwa ya ci gurasarsa, kada ya gudu don yayi.

Allah ya raya mana zuri'a, amin.