Kayan Gidan Tarihi Ba Sa Magana da Kansu

Sanin kowa ne cewa Bahaushe bai saba ajiye abin fasaha a cikin gilashi don a zo a yi kallo ba. Riga, kome kyan aikinta, sawa ake yi. Ƙwarya mai zane tana cikin jeren amarya, ko a kan mai tallar nono. Zanen bango kuwa a fuskar zaure yake, duk wanda ya wuce ya gani. Al'adar tara irin waɗannan kaya a gida guda, a rubuta musu suna, a sa musu mai tsaro, baƙuwa ce da ta zo tare da Turawa. An buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 ta hannun Bernard Fagg, na Ikko a 1957, na Kaduna kuma a 1975. A 1979 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi. To, baƙuwar nan ta daɗe a gari, amma har yanzu ba ta iya harshen masu masaukinta sosai ba, domin akasarin bayanan da akan liƙa wa kayan da Turanci ake rubuta su, kuma a taƙaice.

A ɗauki Gidan Makama na Kano, alal misali. Ginin kansa abin kallo ne tun kafin a duba abin da ke ciki, gama an ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni a ciki, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da tufafi. Yaron da aka kai can daga makaranta yakan bi sahun 'yan'uwansa daga ɗaki zuwa ɗaki, ya fito ya ce ya ga tsofaffin kaya. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a nan gani kaɗai bai wadatar ba.

Dalili kuwa shi ne, ilmin da ke cikin abin fasaha a bakin masu sana'ar yake. Babbar riga ta isa misali. In an rataye ta aka rubuta cewa riga ce ta sarauta, ba a faɗi kome ba. Wanda ya san ta zai fara da yadin: saƙi ne, mai kama da jikin zabo, ko tsamiya ce, ko barage mai jan alharini, wanda dā fatake ke ketowa da shi ta hamada. Zai nuna yadda masaƙi ya saƙa ta a sirara-sirara, maɗinki ya harhaɗa. Sa'an nan ya zo kan aiki, ya ƙirga askar da ke kan aljihu, ya ce wannan aska biyu ce, waccan aska takwas, ga tambari a ƙirji da baya, ga dagi. Zai faɗi cewa sau da yawa malami ne ke zana fasalin, wani dabam ya bi da allura, wata da watanni. In baƙar riga ce, sai maganar ta kai ga marina irin ta Ƙofar Mata, da baba da toka, da mabuga masu dukan tufa har ta yi ƙyalli, da garin Kura da turkuɗinsa wanda Buzaye ke rububi. Riga guda ta zama darasin tarihi da na ciniki da na harshe. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi ba su da takwara a Turanci, kuma duk ranar da tsohon maɗinki ya rasu, wasu daga cikinsu sukan bi shi kabari.

Saboda haka nunin kaya rabin aikin gidan tarihi ne kawai. Sauran rabin shi ne shirye-shiryen da ake yi wa jama'a, watau a kawo mai sana'a ya zauna ya yi aikinsa a gaban mutane, a tambaye shi ya amsa. Wannan ba sabon abu ba ne. Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya, wadda ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ta yi suna a Turai da Amurka ne har da dalilin zama da take yi a gaban jama'a tana gina tulu da hannu. A Yamai ma, gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda daga baya aka sa wa sunan Bubu Hama, ya daɗe da ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna a harabarsa, suna aiki suna sayarwa. Mai ziyara yakan ga tsohon abu a cikin gilashi, ya fito ya tarar ana yin irinsa.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika son faɗa ba. Wasu iyaye suna ƙyamar a kai 'ya'yansu gidan tarihi, don a ganinsu gidan gumaka ne, musamman in sun ji labarin mutum-mutumin Nok da ke Jos. Yi musu dariya ba zai kawo su ba. Abin da zai kawo su shi ne bayani da harshensu, daga bakin wanda suka yarda da shi, cewa an ajiye kayan ne don a san waɗanda suka gabata, kuma a irin gidajen nan ne ake adana tsofaffin littattafan ajami da alluna masu zayyana. A Jos ɗin ma an gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, don a ga yadda ake ɗaurin bakan gizo da azara da ƙasa.

Ba ma'aikatan gidajen tarihi kaɗai za a ɗora wa laifi ba, ga ƙarancin kuɗi ga ƙarancin hannu. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i suna da nasu kason. Shekara da shekaru ɗalibai suna rubuta kundayen neman digiri a kan saƙa da rini da dukanci da ƙira da gini, sun shiga ƙauyuka, sun durƙusa a gaban tsofaffi, sun tattaro sunaye da kirari da camfe-camfen sana'a. Da an ba da maki, sai kundin ya hau kanta ya sha ƙura, mai shi ma ba ya sake waiwayarsa. Abin da gidan tarihi ya rasa ke nan, ga shi kuwa a jibge. Ba a bukatar kwamiti mai tsawo. Malami guda zai iya ɗaukar ajinsa na al'ada zuwa gidan tarihi mafi kusa, ya raba wa kowane ɗalibi kaya biyar, ya ce ya nemo sunansu na asali da mai yin su da amfaninsu, ya rubuta bayanin da boko da ajami, a kai wa sarkin sana'ar ya gyara kafin a liƙa. A sa wannan a cikin makin jarrabawa, a kuma ware Asabar guda a wata da ɗaliban za su riƙa zagayawa da yaran firamare.