Zobonmu ma yana da asali, mu ne ba mu tambaya

Yau da zancen Faransawa za mu fara, kuma kada wani ya tashi tun bai ji ƙarshe ba. Giyar inabi haramun ce gare mu, babu mai gardama a nan. Abin dubawa shi ne yadda mutanen nan sunka ɗauki amfanin gonarsu da daraja.

Masanin jar giyarsu ba ya kwankwaɗa. Sai ya ɗaga kofi ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓa ya juya a baki, sau da yawa ma ya tofar, sannan ya yi ƙoƙarin gano yankin da inabin ya fito da shekarar da anka tsinke shi. Tun 1855 anka jera manyan gonakin Bordeaux daraja-daraja, har yau da jerin nan ake ciniki. A 1935 kuma sunka yi doka: ba ka liƙa sunan yanki a kwalba sai abin can ya fito, kuma an bi ƙa'idar wurin. Sunan ƙauye ya koma kuɗi a aljihun manomi.

To mu fa? Muna da namu jan abin sha na halal, wanda mata ke shukawa a gefen gonakin hatsi, iyaka-iyaka. Yakuwa ke nan. Ganyenta miya, 'ya'yanta daudawar batso, fatar da ke lulluɓe da su kuma ita ce zobo. Amma ka sayi wanda ake ƙullawa a leda ka ji. Sukari har harshe ya mutu, ga ƙamshin kanti na abarba da anka zuba, wani lokaci ma har da kala. Da za a ɓoye launin, wallahi ba kowa zai ce zobo ya sha ba.

Alhali abin yana da bambanci ƙwarai ga mai natsuwa. Mai duhun ja ya fi ba da launi, mai haske ya fi tsami. Na bana ja ne jawur da ƙamshinsa, shekararre kuwa ya fara komawa ruwan ƙasa. Wanda anka shanya bisa tabarma daban da wanda anka baza a ƙasa, wanda sai ka iske yashi a gindin kofi. Wanda anka jiƙa ya kwana yakan fito da laushi, wanda anka dafa har ya gaji sai bauri ya hau kansa. Masu sa kanwa don kashe tsami su duba yadda take dusashe jan. Citta da kanumfari kuwa rakiya sunka zo, ba su ne masu gida ba.

Wani zai ce, malam, ana fama da abin sawa a tukunya kana zancen ɗanɗano? Ai zancen tukunyar ne. Matar da ta tsince nata tsaf ta shanya a tsafta, da wadda ta haɗa da ƙasa da kara, in kuɗin tiyarsu ɗaya ne a kasuwa, don me ta farkon za ta sake wahala baɗi? 'Yan sari kuma su haɗe duka a buhu guda. Ƙasar Meziko tana sayen zobo daga Najeriya, kuma wanda duk ya ƙetara iyaka daga wajenmu, sunan garinmu ba ya bin sa.

Kuma hanya a buɗe take, tunda hukumar OAPI ta riga ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista da sunansu. Kafin zobo ya kai can, aiki na nan gida ne. Ƙungiyoyin mata su ware mai kyau daban, su sa masa farashinsa. Masu sayarwa su gwada yin kashi biyu, ɗaya da ɗan sukari kaɗan, babu ƙamshin kanti. Kai kuma mai saye, in ka je kasuwa, ka damƙa ka shinshina, ka tambayi na wane gari ne, na bana ne ko na bara. In ya yi maka, kada ka tsaya taya shi da kuɗin mai yashi.