Zuwa Ga Masu Shayin Tambuwal Da Kebbe: Ba Tsufa Ke Kashe Buta Ba

Ya ku iyayena da yayyena da ƙannena masu teburin shayi, tun daga bakin titin Tambuwal da Dogon Daji, zuwa Jabo da Sanyinna, har Kebbe da Kuchi. 

Ku ne kuke hura wuta kafin kiran assalatu, ku ne kuma na ƙarshen kashe fitila. Direban da ya taso daga Sakkwato zai gangara Jega ya san teburinku, manomin da zai shiga fadama da sanyin safiya ya san shi, haka ɗan kasuwar da dare ya yi masa a hanya. Sana'ar nan kuwa gaba ɗayanta a kan kaya kaɗan take tsaye: babbar buta ko tukunya, filas, rariya, kofuna, sai kurfoti ko risho ko tukunyar gas. Ranar da buta ta fara ɗiga, abin da aka saba ji a bakinku shi ne ta tsufa, ko kuwa kayan yanzu ba su da ƙarko. Akwai gaskiya a magana ta biyu, domin ana shigo da butoci masu sirantaccen gindi da ba su cancanci kuɗinsu ba. Amma ra'ayin da nake so in kare a wannan wasiƙa shi ne, mafi yawan butocin da ake jefarwa ba shekaru suka cinye su ba. Abin da aka bari ya kwana a cikinsu ne ya cinye su, da wutar da ta same su babu ruwa, da irin wankin da aka yi musu.

Hujja ta farko daga nesa za ta zo. A Turai da Amurka gidaje da yawa suna da na'urar dafa gahawa mai aiki da lantarki, kuma abin da aka saba ƙiyastawa shi ne takan yi shekara biyar zuwa goma. Na'urar da ke zaune a ɗakin girki mai tsafta, ba ƙura ba hayaƙi, me zai raba wadda ta yi biyar da wadda ta yi goma? Galibi ruwa ne. Wani farin abu yakan taru a siraran bututunta har ya toshe su, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera ta suke rubutawa a takardar umarni cewa a riƙa zagaya ruwa mai tsami a cikinta duk bayan 'yan watanni. A Italiya kuma akwai wata 'yar butar gahawa da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933, ta alminiyam ce, irin ƙarfen da aka yi yawancin butocinku da shi, a kan wuta ake ɗora ta kamar taku. Gida ɗaya kan yi shekaru gommai da ita, robar bakinta kawai ake sauyawa, sharaɗin dai a ɗauraye ta, a shanya ta, kada a ajiye ta da danshi. Ke nan ƙarfen ba mai gajeren kwana ba ne.

To mene ne wannan farin abu? Duk wanda ya leƙa gindin butar da ta daɗe tana aiki ya gan shi, wani lokaci fari fat, wani lokaci ya yi ja saboda ganyen shayi ko tsatsar da ke cikin ruwan. Ruwan rijiya da na burtsatse kafin ya iso guga ya ratsa duwatsu, ya narkar da wani abu daga jikinsu. Ido ba ya ganinsa a ruwan sanyi, amma da an tafasa sai ya rabu da ruwan ya manne a ƙarfe. Asalinsa ɗaya da farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti. Mai gida da ke tafasa buta ɗaya da safe zai daɗe bai ga tarinsa ba. Ku kuwa kuna tafasa jarka bayan jarka, kuna ƙara sabon ruwa a kan ragowar na ɗazu, tururi yana tafiya, dutsen yana zama. Illarsa ta farko a aljihu take. Alminiyam yana miƙa zafi da sauri ƙwarai, wannan ɓawon kuwa yana tare shi, bambancinsu ya fi ninki hamsin. Don haka wutar da ta isa tafasa ruwa a buta mai tsafta ba za ta isa a mai ɓawo ba, sai an ƙara gawayi ko an buɗe gas. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba sai an gaya muku yadda kuɗin makamashi da na dakonsa suka koma ba. Illa ta biyu a jikin ƙarfen take. Muddin ruwa na taɓa gindin buta kai tsaye, zafinsa ba ya nisa da digiri 100, domin ruwan na kwashe shi. Idan ɓawo ya shiga tsakani, gindin yakan yi zafi fiye da kima, ya kumbura, ya lotsa, ya yi laushi. In kuma aka manta da buta ruwa ya ƙone ƙurmus a kan garwashi, to alminiyam a digiri 660 yake narkewa, garwashin da ake yi wa fifita kuwa yana wuce haka. Mantuwar dare ɗaya tana iya yin ɓarnar da aikin shekara bai yi ba.

Maganin yana kasuwar kowane gari, kuma ba shi da tsada. Tsami ne ke narkar da wannan dutse: lemun tsami, ko jiƙon tsamiya da aka tace. A zuba ruwa ya rufe inda ɓawon yake, a matse lemu a ciki har ruwan ya yi tsami sosai, a tafasa, a sauke a bar shi kamar rabin sa'a. Za ku ga 'yan kumfa suna tashi daga jikin ɓawon, alamar aiki na ci ke nan. Sai a zubar, a goge da soso mai laushi, a ɗauraye sosai, a tafasa ruwa zalla sau ɗaya a zubar kafin a koma haɗa shayi. Ɓawo mai kauri ba zai fita a karo ɗaya ba, a maimaita gobe, kada a sa wuƙa ko ƙusa a kankare. A nan ne kuma nake roƙon ku kula, domin wanki ma yana kisa. Ruwan tsami da aka bari ya kwana yakan gama da dutse ya koma kan ƙarfe. Kanwa da ruwan toka sun fi shi ɓarna, suna cin alminiyam suna baƙanta shi. Yashi da soson ƙarfe suna sa buta ƙyalli, amma ƙyallin nan naman ƙarfen ne ake zaftarewa kullum. Ruwan da ya kwana a buta, musamman na rijiya mai ɗanɗanon gishiri, shi ke haifar da ƙananan ramukan da ba a lura da su sai ranar da ɗaya ya ɓulle. Saboda haka in an tashi, a juye ragowar ruwa, a ɗauraye, a kife buta bakinta a buɗe ta sha iska. Sau nawa za a yi wankin tsami? Rijiyoyi sun bambanta ko a unguwa ɗaya, gindin butar ne zai faɗa muku: duk lokacin da yatsa ya ji kaushi, lokaci ya yi. Da damina, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsafta bayan an bar na farko ya wanke kwano kusan ba ya barin ɓawo ko kaɗan.

Na san wani dattijo a cikinku zai ce, Malam, wannan baƙin da ke cikin buta shi ne sirrin ɗanɗano, sabuwar buta shayinta salam yake. Ba zan raina wannan magana ba, domin akwai abin da ta dogara a kai. Sabon alminiyam yakan ba ruwa ɗan ƙarnin ƙarfe, kuma siririn dusashen launin da ke rufe cikinsa bayan an yi ta amfani da shi kariya ce, bai kamata a goge shi har ƙarfe ya yi fari ba. Farin dutsen ma ba guba ba ne, wanda ya haɗiye ɓarɓashinsa ba abin da zai same shi. Amma siririn launi daban, ɓawon da ke ɓamɓarewa daban. Mai kauri yana da ƙofofi, yana shan ƙamshin citta da kanumfari da man madarar jiya, ya tsufa da su, ya mayar wa shayin yau. Mai shan shayi mai kauri da madara da sukari da yawa ba lallai ya gane ba. Ku ba mai shan ruwan bunu daga buta biyu, wankakkiya da mai ɓawo, ku bar harshensa ya yanke hukunci.

Wani kuma zai ce ai lissafi ne: buta ba mota ba ce, in ta huje a kai wa mai faci, in ta ƙi a sayi wata. Wannan ita ce hujjar da ta fi damuna, domin ba kuɗi kawai ke cikinta ba. Faci iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da ƙusar alminiyam a daddaƙe, ko a sauya gindin gaba ɗaya, wannan ba laifi. Akwai kuma wanda ake narka abin liƙi a ɗiga a ramin, ko a shafa gam ɗin da aka yi don gyaran inji. Abin liƙin da ake amfani da shi a gyaran rediyo da lagireto sau da yawa akwai gubar dalma a cikinsa, kuma ba a yi shi don ya zauna cikin ruwan da mutane za su sha ba. Mu a wannan yanki ba baƙin labarin wannan guba ba ne. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu na kusa. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce: ba ta da ɗanɗano, tana taruwa a jiki a hankali, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutarwa. Haka nan tukwanen zubi da ake narka tarkacen ƙarafa a yi su. Binciken da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru, da wani a 2017 da ya haɗa ƙasashe goma, sun samu wasunsu suna sakin wannan guba idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. Ba ina cewa kowace tukunyar maƙeranmu haka take ba, maƙeri na gari ya san abin da yake zubawa a wuta. Amma mai shayin da ke da irinta kada ya dafa shayin lemu ko zoɓo a cikinta, kuma in hali ya samu ya koma ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Wanda ya hana butarsa hujewa ya tsare kansa daga tambayar faci tun farko.

Filas kuma nasa ciwon daban ne. Bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, dabarar da James Dewar ya ƙirƙiro a 1892. Na kwalba yana tsagewa ne idan aka kwarara masa tafasasshen ruwa yana da sanyi, abin da ya fi faruwa da asubar hunturu, don haka a fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi. Na ƙarfe in ya faɗi ya lotsa, kuka ji bayansa na ɗaukar zafi, ya daina riƙe zafi ke nan, ba kuma gyara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada madara ta shiga filas. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin cewa tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa a abinci, kuma kada dafaffen abu ya wuce sa'a biyu a ajiye a haka. Shayi mai madara da ya huce a filas a cikin wannan tsakanin yake zaune, murfin kuma ya tsotse shi ya riƙe warin har abada. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, gwangwanin madarar da aka huda da safe ma abin sa ido ne. Rariya da ƙyallen tata su ma a wanke su da sabulu, a zuba musu tafasasshen ruwa, a shanya.

Masu butar lantarki, ku sani yawancinta na jan wat 1,500 zuwa sama da 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, siririyar waya kuma zafi za ta yi ta narke. Ɓawo ya fi saurin kashe ta fiye da ta kan wuta, kuma kunna ta babu ruwa yana ƙona abin da ke ɗumama ta. Masu gas, ku riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ku duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar gas ɗin, domin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ƙayyade mata shekara 15.

Saura hujjar gajiya, wadda ita ce ta gaskiya a cikinsu duka. Mutumin da ya tsaya tun magariba yana sheƙa shayi, yana soya ƙwai da Indomie har tsakar dare, ba ya marmarin wanki. Shi ya sa aikin ke faɗawa hannun yaron shago, shi kuma ya yi yadda ya ga ana yi a gida: yashi, toka, ƙarfin hannu. A nan nauyin yana kanku, iyayen gida. Yaron da kuke koya wa awon sukari da yadda ake ɗaga kofi sama ba a zubar ba, ku zauna da shi ku nuna masa cikin buta, ku sa ya taɓa ɓawon da yatsa, ku gaya masa abin da ke narkar da shi da abin da ke cin ƙarfe. Juyewa da ɗaurayewa da kifewa ba za su ci minti goma ba, wankin tsami kuma ana iya yin sa da rana lokacin da teburi ba kowa. Inda kuke da ƙungiya, shugabanni su ɗauki maganar faci su kai wa masu gyara da maƙera, a yi yarjejeniya a fili kan abin da za a riƙa liƙe kayan shayi da shi da abin da ba za a sa ba.

Allah ya sa albarka a teburinku, ya kawo kasuwa.