Ɗan Talaka da Ilimin Hisabi: Kira ga Mutanen Magarya da Dungas

Duk wanda ya san ƙasar Magarya da ta Dungas, tun daga fadamun rake na Waca da Bande har zuwa gonakin gero da riɗi na Malawa da Dogo-Dogo, ya san Allah ya albarkace ta da jama'a, domin ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum 570,000 a gundumar Magarya, sama da 350,000 kuma a ta Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Amma in ya bi garuruwan yana tambayar ɗan manomi nawa ne ya kammala karatun lissafi ko kimiyya a jami'a, zai ratsa ƙauyuka da dama kafin a nuna masa ɗaya, alhali kuwa basira ba ta ƙaranta a cikinsu ba, shaida ita ce yaron da yake lissafin canjin naira da sefa da ka a kasuwar Maigatari, tun babba bai gama laluben wayarsa ba.

Asarar tana farawa ne tun kafin jami'a. Yaro ya ci jarrabawar brebe, sai ya bar gidan ubansa ya sauka wurin dangi ko wurin baƙo a garin da lise take, ya tarar malaman lissafi da na kimiyya ba su wadata ba, kayan gwaji kuma sai dai ya ga hotonsu a littafi. Da lokacin zaɓen fanni ya zo, ba mai zaunar da shi ya gaya masa cewa ƙwaƙwalwarsa ta isa seri C ko D na kimiyya, sai ya bi ayari zuwa seri A na adabi, inda aka ce masa jarrabawar bak ta fi sauƙin ci. Wanda ya daure ya tsallake, ya isa jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, sai ya haɗu da jarrabawa ta biyu wadda ba a rubuta ta a takarda: bursun da hukumar ANAB take biya ba kowa ke samunsa ba, wanda ya samu ma sau da yawa sai ya yi watanni yana jira, alhali kuɗin ɗaki da na ci da na buga darussa ba sa jiran kowa. Ɗan mai hali zai kira gida a aiko masa. Ɗan talaka kuwa sai ya ajiye littafi ya tsallaka iyaka neman na kansa, ya dawo bayan mako uku ya tarar an wuce shi. Shi kuwa lissafi kamar ginin tubali yake, in aka tsallake layi ɗaya, duk abin da aka ɗora a sama zubewa zai yi.

Haƙƙi ne a kan hukuma ta biya bursu a kan kari, kuma ba zan gaji da faɗin haka ba. Sai dai kuɗi kaɗai ba su isa ba, domin abin da ɗan ma'aikaci ya fi ɗan manomi da shi, bayan abinci, shi ne babba a gida wanda ya taɓa bin hanyar, mai iya ce masa wannan littafi za ka karanta, wancan malami za ka je ka gaisar, faɗuwa a jarrabawar farko ba ita ce ƙarshen karatu ba. Irshadi irin wannan shi magabatanmu suka ɗauka rabin ilimi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya wallafa littafinsa a kan lissafin hatimai a 1732, ya sami masauki a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, a nan ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1741. Da bai sami mai buɗe masa ƙofa a baƙuwar ƙasa ba, la'alla da sunansa bai iso gare mu ba. A zamaninmu kuma ga Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken amfani da hasken rana, har jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa.

Ba sai mun aro tsari daga nesa ba. Ƙasar nan ta tsangayu ce, inda tun kaka da kakanni gari yake ciyar da almajirin da bai haifa ba, malam ya riƙe shi, gardi ya biya masa allo. Abin da nake kira gare shi shi ne a faɗaɗa wannan kyakkyawar al'ada ta haɗa da mai neman ilimin hisabi da na likitanci da na ƙasa da ruwa, waɗanda malamai irin su Imamu Gazali suka lissafa wasunsu cikin farali kifaya, wato wajibin da in al'umma duka ta bar shi, duka ta yi laifi. Wanda yake ganin wannan boko ne kawai, ya tuna cewa ba a raba gado bisa shari'a sai da hisabi. Ya tuna kuma da asibitin yara na Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2005, da yadda yake cika maƙil duk damina saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Manomanmu da kansu, ba da digiri ba, suka raya itatuwan gawo a gonakinsu har masana suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje suna kallo. Ya kamata a ce ƴaƴansu ne suke auna ƙasar nan da ruwan da ke kwance ƙarƙashin kwarin Korama.

Saboda haka, kowace ƙaramar hukuma ta kafa asusu na waƙafi, wanda attajirai da dillalan dabbobi da ƴan asalin gari mazauna Yamai da Kano za su zuba wa, a kuma karɓi hatsi daga wanda ba shi da kuɗi, tun da ɗalibi faƙiri yana cikin masu haƙƙin zakka. A damƙa riƙonsa ga amintattu, da sarki da liman da shugaban makaranta da wakiliyar mata, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, domin ranar da ya zama rabon ƴaƴan manya ko na ƴan jam'iyya, ranar ya mutu. A fara zaɓen yara tun daga ajin farko na lise, kafin su kauce wa kimiyya, a haɗa kowane ɗaya da malami ko injiniya ko likita ɗan yankin wanda zai riƙa bin sawun karatunsa wata-wata. Ƴan mata kuwa, waɗanda aure yake ɗauke da yawansu kafin bak, a fara sama musu masaukin da iyaye za su amince da shi a Damagaram, don shi ne sharaɗin da uba zai fara tambaya. Wanda aka ɗauki nauyinsa kuma, a yi alkawari da shi cewa duk babban hutu zai koma kwalejin garinsu ya koyar da ƙannensa lissafi, har ya kammala.