Mafarkin Nuruddin da Ramin Madina

Masu wa'azi na son labarin Sarki Nuruddin Zanki. Wai ya ga Manzon Allah (SAW) a mafarki yana nuna masa wasu mutum biyu, ya garzaya Madina, ya tarar suna haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa don su saci jikinsa mai alfarma, ya kashe su, ya zagaye kabarin da narkakkiyar darma. Labarin yana sa hawaye, ina kuma girmama soyayyar da ke sa a maimaita shi. Amma wa ya fara ba da shi? Nuruddin ya rasu a 1174. Ibn Asakir da ya yi zamani da shi a Dimashƙa bai ambaci labarin ba, haka Ibnul Asir da Abu Shama da suka rubuta tarihin gidan Nuruddin dalla-dalla. Sai bayan fiye da shekara 150 ya ɓulla a littattafan tarihin Madina, daga baya Samhudi ya kwaso shi. Ba inkarin karama nake yi ba, ina roƙon malamanmu ne su riƙa tsayawa kan wadda ke da isnadi. Ga wata a Sahihul Buhari: Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa wata 6 bayan yaƙin Uhudu, ya same shi bai sauya ba, in ban da ɗan gefen kunnensa.