Tirela Ba Direba: Jinin Wanda Ta Take Yana Wuyan Wa?

A ƙarshen watan Afrilun 2025 kamfanin Aurora na ƙasar Amurka ya soma sakin manyan motocin dakon kaya a kan babbar hanyar Dalas zuwa Hustan, a jihar Teksas, babu kowa a kujerar direba. Kwamfuta ce ke riƙe da sitiyari da birki. Tirela irin wannan idan ta yi lodi takan kai tan 36. Ba a yi wata guda ba sai PACCAR, kamfanin da ya ƙera motocin, ya nemi a zaunar da mutum a gaba yana sa ido, aka kuwa zaunar.

Masu wannan harka suna cewa kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Abin da muke tambaya shi ne: ranar da ta take mutum, wa za a kama?

Mun riga mun ga irin amsar da ake bayarwa. A shekarar 2018 wata ƙaramar motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tsallaka titi a garin Tempe na jihar Arizona. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta da sauran daƙiƙoƙi, amma ta kasa gane cewa mutum ce, kuma kamfanin ya kashe birkin gaggawa na ainihin motar. A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce babu laifin da za a tuhumi Uber da shi. Ma'aikaciyar da aka ajiye a kujera, wadda hankalinta ke kan wayarta, ita kaɗai aka gurfanar, ta amsa laifin jefa rayuwar wani cikin haɗari a 2023. Lalle ta yi sakaci. To amma waɗanda suka kashe birkin fa?

Malamanmu na fiƙihu ba su bar irin wannan mas'ala a duhu ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, dabbar da ta tattake mutum tana tafe ana ɗora lamuninta ne a kan wanda ke sarrafa ta, ko yana bisa, ko yana ja, ko yana kora. A fahimtarmu, wanda ya tsara kwamfutar nan ya sake ta a titi domin neman riba, linzami yana hannunsa ko da yana zaune a ofis. Ingila ta kusanci wannan a dokarta ta 2024, inda ta ɗora alhakin tuƙin a kan kamfanin da aka ba izinin motar.

A Kalifoniya kuwa majalisa ta zartar da ƙudurin tilasta ajiye mutum a cikin kowace irin wannan tirela a 2023, Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu. Wajibi ne duk hukumar da za ta ba da irin wannan izini ta fara rubuta sunan wanda zai tsaya gaban alƙali, da wanda zai biya diyya, kafin taya ta taɓa kwalta.